Aljani, Mafarki da Alƙalami: Tarihin Tushen Ƙagaggen Labari a Wurin Abubakar Imam da Takwarorinsa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin Hausawa game da masu fasaha, watau duk wanda aka ga ya yi fice a waƙa ko kiɗa ko tsara labari har ya zarce tsaransa, sai a ce ai ba shi kaɗai ba ne, akwai mutanen ɓoye a tare da shi. An faɗi haka a kan makaɗa da mawaƙa, musamman Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, kuma akan ji ɗalibai a manyan makarantunmu suna faɗin irin wannan a kan marubuta littattafan ban tsoro. Makasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wannan magana ta fuskar tarihi, a ga inda marubucin ƙagaggen labari yake samo abin da yake rubutawa, da yadda yake zama ya yi aikin, da kuma matsayin abubuwan al'ajabi da akan ce sun sami marubuta a rayuwarsu. Za a ɗauki Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) a matsayin ginshiƙi, domin shi ne wanda tarihin aikinsa ya fi fitowa fili, sa'an nan a gwada shi da takwarorinsa na ƙasar Larabawa da Turai da ƙasar Yarabawa. Daga ƙarshe za a waiwayi ƙasar Kazaure da maƙwabtanta, a ga abin da wannan tarihi ya ɗora mana mu malamai.

Ya kamata a fayyace tun da farko cewa takardar ba ta shiga batun samuwar aljanu ba, domin Alƙur'ani mai girma ya riga ya yanke wannan, har akwai sura guda da ake kira da sunansu. Abin da yake gabanmu tambaya ce ta adabi: wa ya rubuta littafin, kuma ta yaya ya rubuta shi?

2.0 Gizo da alhakin ƙarya

Kafin Turawa su zo, rubutu a ƙasar Hausa abu ne na malamai, kuma an keɓe shi ga addini da shari'a da tarihi da wasiƙun sarakuna da waƙoƙin wa'azi. Ƙagaggen labari yana nan da ransa, amma mazauninsa baki ne. Tatsuniya ta tsofaffin mata ce da yara, lokacinta kuwa dare, har akan tsoratar da yaro cewa in ya yi ta da rana zai ɓata. Abin lura a nan shi ne yadda mai tatsuniya yake rufe ta. Ba ya tashi sai ya sauke alhakin ƙaryar da ya shirya a kan Gizo. Ma'anar wannan ita ce, tun asali Bahaushe ba ya son a ce shi ne ya ƙagi abin da bai faru ba, saboda haka ya nemi wata halitta ta ɗauke masa nauyin.

Ban da tatsuniya akwai labaran mafarauta da na mayaƙa da na fatake, waɗanda manya suke yi a zaure ko a dandali, su kuwa ba a ɗauke su a kan ƙarya ba. A cikinsu ne ake jin yadda wane ya gamu da doguwa a gindin tsamiya da tsakar rana, ko yadda aka ga kasuwa tana ci a kufai da almuru. 'Yan bori kuma suna da tasu duniyar mai tsari, da birnin Jangare da sarkinsa da gidajen iskoki irin su Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Kuturu da Inna. Turawan farko sun tarar da wannan taska a cike. Frank Edgar ya buga littattafan tatsuniyoyi 3 tsakanin 1911 da 1913, A.J.N. Tremearne kuma ya buga littafinsa a kan bori a 1914.

Ta ɓangaren malamai, su ma suna da tasu hanyar. Almajirin da ya yi nisa a karatun zaure yakan karanta Muƙamatul Hariri domin ya ƙware a lugga, kuma littafin Alfu Laila wa Laila ya shigo hannun wasu, har aka fassara shi zuwa Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya aka buga a 1924. To, waɗannan rafuka biyu, na baka da na Larabci, su ne marubutan farko suka tarar suna gudana.

3.0 Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

An kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantun boko littattafan karatu, daga baya ta koma Hukumar Talifi, mazauninta Zariya, shugabanta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara masu ilmi yana roƙonsu su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kansu, domin a ganinsu shirya labari aikin mata da yara ne, bai dace da mutum mai mutunci ba, balle a ɓata takarda da tawada a kansa. Duk da haka gasar ta haifi littattafai 5 da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East kansa.

An haifi Imam a Kagara a 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka ya tashi a gidan littafi. Yayansa Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina daga baya, shi ya riƙe shi a Katsina, inda ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Ke nan sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja yana da shekara 22, yana da Larabci daga gida, da Turanci daga makaranta, da labaran ƙasar Kwantagora a kunnensa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan uku ya bar sawunsa a littafin. Imam da kansa ya faɗi cewa ya bi tafarkin Muƙamatul Hariri. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma muƙamominsa 50 an gina su ne a kan mutum biyu, Harisu ɗan Hammamu mai ba da labari da Abu Zaidi mai wayo, waɗanda suke rabuwa a wannan gari su sake gamuwa a wancan, kullum Abu Zaidi da sabuwar kama. Wanda ya san wannan zubi ba zai yi mamakin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta karo da juna gari gari suna rama wa juna tsiya ba. Ƙashin bayan labarin kuwa, watau tafiya neman ruwan da zai warkar da mara lafiya a gidan sarki, da ɗan'uwan da ya ci amana a kan hanyar komowa, manazarta sun lura ya yi kama da wata tatsuniyar Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara. Ƙasar aljanu da ruwan yake cikinta an kira ta Irami, sunan da kowane almajiri ya sani daga Suratul Fajri. Amma garin da aka tashi daga cikinsa aka kuma komo masa Kwantagora ne, kuma ba'ar da raha da karin maganar duk na gida ne.

Akwai wata dabara a farkon littafin da ta cancanci a tsaya a kanta. Imam bai fito ya ce ga labarin da na ƙaga ba. Sai ya kawo Koje Sarkin Labari yana neman wanda zai fi shi, sa'an nan ya sa Alhaji Imam ya buɗe baki ya ba da nasa. Da haka labarin ya zama zancen wani mutum a gaban jama'a, irin na zaure, marubuci ya koma gefe. Aikin da Gizo yake yi wa mai tatsuniya, shi Koje da Alhaji Imam suka yi wa malamin Midil. Bello Kagara ma haka ya yi, ya sa Ganɗoki ya ba da labarin kansa, ya faro daga yaƙin da aka sani na zuwan Turawa, ya zarce da shi ƙasar aljanu ba tare da ya sauya murya ba. Wani abin sha'awa kuma shi ne, saurayin da ya raɗa wa tauraronsa suna Alhaji Imam, shi ne daga baya duniya ta san shi da Alhaji Abubakar Imam. Mai son al'ajabi yana iya ganin ishara a nan, mai nazari kuwa zai ga matashi ne ya sa burinsa a cikin littafinsa, Allah kuma ya cika masa.

4.0 Wata shida a Zariya

In ana son a ga yadda Imam yake aiki, sai a dubi 1936. A wannan shekara aka aro shi daga Midil ta Katsina zuwa Hukumar Talifi a Zariya na tsawon wata 6. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na ƙasashe daban daban, na Larabawa da na Turai da na Gabas, ya ce ya karanta ya ga abin da zai iya sarrafawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi 3 masu ɗauke da labarai kimanin 80, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. In aka raba wannan adadi a kan wata 6, za a ga kowane mako sai ya gama labari 3 ko fiye. Wannan aikin mai zama ne a kan tebur kullum, kamar yadda masaƙi yake zama a kan masaƙarsa.

Manazarta, musamman Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, sun bi sawun labaran nan har inda aka samo da yawa daga cikinsu. Akun da yake tsare ɗan sarki da hira dare bayan dare don kada ya fita ya halaka, asalinsa wani tsohon littafin Indiya ne na labaran aku 70, wanda ya bi ta Farisa ya yaɗu. A can akun yana hana matar ubangijinsa fita wurin wani namiji ne. Imam ya ga wannan ba zai shiga aji ba, sai ya mai da matar ta zama Musa ɗan Sarki Abdurrahman, ya mai da fitar ta zama tarkon da Waziri ya ɗana. Labarin Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye Gara ya fito daga Alfu Laila, haka ma na Ƙamaruzzaman. Labarin Sarkin Busa na Jamus ne, na mutumin nan da ya raba garin Hamelin da ɓeraye aka hana shi ladansa. Kalala da Kalalatu daga tarin Grimm yake.

Sanin wannan bai rage wa Imam kome ba. Duk wanda ya ajiye asalin a dama ya ajiye na Imam a hagu zai ga ba fassara ya yi ba. Yakan tuɓe wa labari kayansa na can, ya sa masa suna da gari da sana'a da abinci na ƙasar Hausa, ya ba mutanen cikinsa bakin da Bakatsine ko Bazazzagi zai ji ya ce na san mai irin wannan magana, sa'an nan ya ɗaure shi da karin magana. Shi ya sa jama'a suka yi shekaru suna karanta Kalala da Kalalatu ba wanda ya ji ƙanshin baƙunci a jikinsa. Ɗabi'un aikinsa ke nan a taƙaice: karatu mai yawa cikin harshe 3, da kunne mai riƙe maganar mutane, da zama a kan aiki, da yarda a duba masa abin da ya rubuta a gyara. Kuma kada a manta, hannun da ya rubuta labaran aljanu shi ne ya rubuta Ikon Allah tare da East, littafin da yake bayanin halittu ta hanyar kimiyya, shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairu 1939, ya riƙe ta fiye da shekara 10.

5.0 Abubuwan al'ajabi a rayuwar marubuta

To, in haka ne, daga ina maganar mutanen ɓoye ta samo ƙarfinta? Amsar ita ce ba Hausawa kaɗai suke da ita ba, kuma wani lokaci marubutan ne da kansu suke faɗinta.

Larabawan Jahiliyya sun ɗauka kowane babban mawaƙi yana da aljanin da yake sanya masa waƙa a baki, har sun ba wasu sunaye, kamar Mis'halu na A'asha. Sun ce mazaunin aljanun nan wani kwari ne mai suna Abƙar, daga nan ne kalmar abƙari, watau mai tsananin hazaƙa, ta fito. A Andalus, Ibn Shuhaid na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1035, ya ɗauki wannan tsohon zance ya gina littafi a kansa, Risalatut Tawabi'i waz Zawabi'i, inda ya ce wani aljani Zuhairu ɗan Numairu ya ɗauke shi zuwa ƙasarsu ya gana da aljanun mawaƙan da suka shuɗe, ya karanta musu waƙoƙinsa suka yaba. Wanda ya karanta littafin zai gane manufarsa ita ce ya mayar wa masu sukarsa na Ƙurɗuba martani. Aljanin dabara ce ta marubuci.

A Turai akwai misali 2 da aka fi sani. A damina ta 1816 Mary Shelley, tana da shekara 18, tana zaune da mijin da za ta aura da mawaƙi Byron a bakin tafkin Janeba. Ruwa ya hana su fita, suka yi ta karanta labaran fatalwa, sai Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Ta ba da labari a 1831 cewa ta yi kwanaki ba ta sami abin rubutawa ba, sai wani dare tana kwance barci ya ƙi zuwa, ta ga surar wani ɗalibi a durƙushe gaban wata halitta da ya harhaɗa, halittar ta motsa. Tsoro ya kama ta, da gari ya waye ta fara Frankenstein, wanda aka buga a 1818. Amma a cikin wannan bayani nata ta faɗi cewa kafin daren ta zauna tana sauraron mazan suna muhawara a kan asalin rai da ko lantarki zai iya motsa gawa.

Na biyu shi ne Robert Louis Stevenson na Sikotilan, wanda ya ce a mafarki ya ga wasu sassa na labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde da aka buga a 1886, har matarsa ta tashe shi saboda ihun da yake yi. A wata maƙala ta 1888 ya ce yana da wasu 'yan ƙananan mutane da suke masa aiki yana barci. Sai dai a nan ma ya faɗi cewa ya daɗe yana neman labarin da zai ɗauki jigon mutum mai hali biyu. Bugu da ƙari, ya tashi a Edinbara da labarin William Brodie, kafinta mai daraja da rana ɓarawo da dare, wanda aka rataye a 1788, har ya taɓa rubuta wasan kwaikwayo a kansa. Mafarkin ya zo ne a kan ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na D.O. Fagunwa, malamin makaranta Bayarabe, wanda littafinsa na farko a kan wani maharbi a dajin iskoki ya fito a 1938, daidai lokacin da Magana Jari Ce yake fitowa, shi ma kuma gasa ce ta jawo shi. A Disamba 1963 Fagunwa ya faɗa kogi a mashigin Wuya kusa da Bida ya rasu. Nan da nan magana ta bazu cewa iskokin da ya yi ta tona asirinsu ne suka ɗauke shi, ba a ga gawarsa ba. Iyalinsa sun bayyana cewa an tsamo gawar bayan 'yan kwanaki, aka kai ta garinsu Oke-Igbo aka binne, amma wannan bai kashe zancen ba. A nan jama'a ne suka ɗauki salon marubuci suka rubuta masa ƙarshen rayuwa da shi.

Daga waɗannan misalai abu 3 ya fito. Na farko, gaskiya ne marubuci yakan ji tunani ya faɗo masa ba da shirinsa ba, a mafarki ko a tsakanin barci da farke, kuma wannan yakan ba shi tsoro. Na biyu, duk inda aka bincika akan tarar abin da ya faɗo ɗin ya daɗe yana dahuwa daga karatu da sauraro. Na uku, jingina fasaha ga wata halitta yana da amfani ga marubuci da jama'arsa: shi yana kuɓuta daga sunan maƙaryaci, su kuma sun sami bayanin abin da ya fi ƙarfin saninsu.

6.0 Bayan Imam, da abin da yake jibge a ƙasar Kazaure

Marubutan da suka biyo baya sun ci gaba da ɗiba daga rafukan nan, kowa da abin da zamaninsa ya ƙara masa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo tushe daga labarin wani jarumin Rasha mai suna Iliya. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata, sai ga baƙon da ya ɗauki yaro Kilba ya zo daga sararin sama maimakon gindin kuka. A gasar kamfanin NNPC da aka buga littattafanta a 1980, So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya tsiro ne daga abin da marubuciyar ta gani a gidansu na auren da ya haɗa Bafilatana da baƙo, amma duk da haka sai da aljana ta shiga tsakanin masoyan. Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, a wannan gasa, kokawa ce tsakanin ɗan Adam da miyagun halittun ɓoye. A 1982 Bature Gagare ya kawo tsafin Maguzawa cikin Ƙarshen Alewa Ƙasa. Sa'ad da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa bayan 1984, marubuta irin su Ɗan'azumi Baba da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej sun mai da labarin ban tsoro wani reshe mai zaman kansa.

Sunan Ɗambatta da aka ambata ya kawo mu ƙofar ƙasar da za a rufe da ita, domin Ɗambatta maƙwabciyar Kazaure da Ɓaɓura ce. Wannan yanki, wanda ya shiga Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991, yana da duk irin kayan da Imam da yayansa suka yi aiki da su. Labarin kafuwar Kazaure kansa labarin maharbi ne. Masu tarihin baka suna cewa wani mafarauci mai suna Kutumbi ya fito daga wajen Dala, ya tarar da wani kwari mai ruwa da duwatsu suka kewaye, ya daɗe bai koma gida ba har aka bi sawunsa, wanda ya gano shi ya komo ya ce wurin kamar zaure yake, daga nan sunan ya samu. Dala kuwa, kamar yadda Tarihin Kano ya nuna, nan ne mazaunin Barbushe da Tsumburbura. Ga kuma tarihin Ɗantunku, Bafillacen Yarimawa, wanda ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo daga 1819 har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar da ƙasarsa a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, ya rasu a 1824 ɗansa Dambo ya gaje shi. Bello Kagara bai sami abin da ya fi wannan ba a Kwantagora sa'ad da ya zauna rubuta Ganɗoki. Haka nan duwatsun Roni da Gwiwa da Kazaure, da kufan da suke gindinsu, da tsofaffin rijiyoyi da hanyoyin fatake da suka bi ta Ɓaɓura zuwa Damagaram, irin wuraren da labari yake taruwa ne.

Sai dai wannan taska a ƙirjin tsofaffi take, tsoho kuwa in ya tafi da kayansa yake tafiya. Hirar dare da take ciyar da ita gaba ta ja baya tun zuwan rediyo da talabijin, wayar hannu kuma ta ƙara matse ta.

7.0 Kammalawa

An ga a wannan takarda cewa Bahaushe ya daɗe yana jingina ƙagaggen zance ga wata halitta, daga Gizo zuwa aku zuwa aljani, kuma Larabawa da Turawa da Yarabawa sun yi irin haka. An ga kuma cewa in aka bi tarihin littattafan ɗaya bayan ɗaya, abin da akan tarar shi ne gida mai ilmi, da karatu, da sauraron jama'a, da gasa ko wata buƙata da ta tilasta a zauna, da mai duba aiki ya gyara. Baiwa daga Allah take, ba mai musun wannan, amma baiwar Imam ba ta zama Magana Jari Ce ba sai da ya yi wata 6 yana karatu da rubutu.

Wannan yana da muhimmanci gare mu masu horar da malaman gobe. Ɗalibin da ya yarda cewa sai mai aljanu ne yake rubuta littafi, ba zai gwada ba, kuma in ya zama malami ba zai sa yaransa su gwada ba. Saboda haka ana ba da shawara 3. Ta farko, a riƙa koyar da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce tare da tushensu, a ajiye wa ɗalibi muƙama guda ta Hariri ko tatsuniyar Grimm a gefen ta Imam, ya ga sarrafawar da idonsa. Ta biyu, sassan Hausa na kwalejojin ilmi su tura ɗalibai garuruwansu, musamman irin su Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, su ɗauko labaran mafarauta da na kufai da na yaƙi, da sunan mai faɗi da ranar da aka ɗauka, a adana. Ta uku, a yi hira da marubutan da suke raye a kan abin da suka karanta, da lokacin da suke rubutu, da mafarkan da suka yi in akwai, a kuma roƙe su su ajiye rubutunsu na farko kafin gyara. Da irin wannan shaida ne muka san yadda Imam ya yi aikinsa, kuma da ita na bayanmu za su san yadda na yanzu suka yi nasu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amfana da abin da suka bari.